Yadda Ma'aikacin Ikilisiya Zai Ajiye Aiki Idan Bangaskiyarsa Ta Tafi

Na yi shekaru ina riƙe da littafin rahoton majalisar dattawa a wata ikilisiya a nan Maraɗi, kuma a cikin waɗannan shekaru na rubuta labarin fitar mutane da hannuna fiye da sau ɗaya. Wasu sun fita cikin mutunci, har yau ana gaisawa da su a wurin suna da wurin makoki. Wasu kuwa sun fita ta hanyar da ta bar matansu cikin kunya, ta raba ƴaƴansu da makaranta, ta kuma bar ikilisiyar da ramin da aka yi shekaru ana cikewa. Abin da na lura da shi shi ne, zurfin shakkar mutum ba shi ya bambanta waɗannan da waɗancan ba. Abin da ya bambanta su shi ne tsarin da kowa ya bi wajen mayar da amanar da ke hannunsa. Wannan rubutu na fasto ne, ko mai bishara, ko dattijo, ko malamin makarantar Lahadi, ko shugabar zumuntar mata, wanda ya wayi gari ya tarar abin da yake koya wa jama'a ya daina zama a zuciyarsa. Ba zan yi gardama a kan ko ya yi daidai ko ya yi kuskure ba, domin wannan magana ce tsakaninsa da lamirinsa. Abin da zan iya nuna masa shi ne yadda ake fita ba tare da an rushe gida a kan waɗanda ke ciki ba.

Ya kamata a fara da fahimtar dalilin da ya sa abin ya fi nauyi a nan. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen Nijar ba. Mishan ta SIM, wato ƙungiyar masu bishara da suka zo daga ƙasashen waje, ta fara aiki a Damagaram a 1924, ƴan shekaru bayan haka ta kafa tasha a Tsibiri, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, daga baya aka sami cibiyar kula da masu cutar kuturta a Danja da makarantar Littafi Mai Tsarki a Agye. Yawancin gidajen Kirista Hausawa na wannan yanki daga waɗannan wurare kaɗan suka samo asali, sun yi auratayya a tsakaninsu har zuriya uku ko huɗu, don haka dattijon da za ka kai wa takardar murabus mai yiwuwa kawun matarka ne, ma'aji kuma tare kuka yi makaranta. Albashinka, gidan da kake ciki, gonar da kake nomawa, kuɗin makarantar ƴaƴanka, da mutanen da za su ɗauki gawarka, duk a igiya ɗaya aka ɗaure su. Wanda ya fizge igiyar da ƙarfi, duk za su zube tare.

Ka fara tantance abin da ya tafi

Kafin ka furta wa kowa komai, ka ba kanka lokaci ka gane ainihin abin da ka rasa, domin akwai abubuwa da yawa masu kama da rashin bangaskiya waɗanda maganinsu dabam ne. Akwai gajiya, irin ta mai bishara da aka tura ƙauye shekara goma, yana wa'azi ga mutum goma sha biyu, albashinsa ba ya zuwa a kan kari. Akwai fushi da shugabanni, musamman ga wanda ya ga an karkatar da kuɗin taimako ko an rufa wa wani babba asiri a kan laifin da aka hori ƙarami dominsa. Akwai kuma baƙin cikin rasuwar ɗa ko mata, wanda kan sa addu'a ta maƙale a maƙogwaro tsawon watanni. Wanda ke fama da ɗaya daga cikin waɗannan yana iya bukatar hutu, ko canjin wurin aiki, ko ya sauka daga muƙami ya koma benci, ko ma ya koma wata ikilisiyar. Tambayar da za ta raba maka zare da abawa ita ce: da a ce an gyara duk abin da ke ɓata maka rai, an kawo shugabanni adalai, an biya ka haƙƙinka, shin za ka iya tsayawa gaban jama'a ka ce Yesu ya tashi daga matattu kana gaskata abin da bakinka ke faɗa? Idan amsar i ce, matsalarka da mutane take. Idan amsar a'a ce, kuma ta zauna a a'a bayan watanni, ba ta canzawa da ƙoshi ko yunwa, to sauran wannan rubutu naka ne.

Shakka tsohuwar baƙuwa ce a cikin addinin nan, kuma kai da ka karanta labarin Toma da na Ayuba ka fi ni sani. Saboda haka kada ka yanke hukunci a mako guda. Ni dai ina ganin wata shida shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace mutum ya ba kansa. A cikin wannan lokaci ka nemi mutum ɗaya da za ka buɗe wa ciki, wanda ba ya ƙarƙashinka kuma ba ya samanka a aiki, zai fi kyau ma ya kasance daga wani gari. Kada ka zaɓi matashin da kake koyarwa, domin ɗora masa wannan kaya zalunci ne. Idan kuwa ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, ko tunanin hallaka kanka ya fara zuwa maka, ka je asibiti ka gaya wa likita yadda abin yake ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin wannan ciwo ne da ake yi wa magani, kuma ba a yanke babbar shawara a cikinsa.

Abin da ya fi damun masu gaskiya a wannan tsakani shi ne bagadi. Mutum yana jin kansa munafuki duk ranar Lahadi. Shawarata ita ce ka nemi hutu idan tsarin ikilisiyarku ya yarda, ka raba wa dattawa ranakun wa'azi, ka kuma kauce wa fara abin da ba za ka ƙarasa ba, kamar sabon ajin masu shirin baftisma, ko tara kuɗin gini, ko karɓar naɗi zuwa wani muƙami mafi girma. Ziyarar marasa lafiya da sasanta ma'aurata kuwa ka ci gaba da su, tun da ba sa bukatar ka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba.

Abinci da wurin kwana kafin magana

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa suna jin kunyar lissafin kuɗi a irin wannan lokaci, suna ganin kamar zai ƙasƙantar da gaskiyarsu, alhali wanda bai yi lissafi ba shi ne yakan dawo bayan wata uku yana roƙon mutanen da ya bari, ko ya faɗa hannun wanda zai saye shi da buhun gero.

Ka duba ko akwai rubutacciyar yarjejeniyar aiki tsakaninka da ikilisiya ko ƙungiyar da kake yi wa aiki, ka ga wa'adin sanarwa nawa ta ɗora maka. Ka bincika ko ana zuba maka kuɗi a asusun CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata na ƙasa, in ana yi ka riƙe lambarka ka tabbatar da shekarun da aka biya, domin waɗannan shekaru naka ne ko ka bar aikin. Masu bishara na ƙauyuka da yawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, baiko da hatsin da jama'a ke kawowa ne albashinsu, kuma gara mutum ya san haka tun da wuri. Wanda ke aiki a makaranta ko asibiti ko wani shirin raya karkara na ikilisiya yana ƙarƙashin dokar ƙwadago kamar kowane ma'aikaci, yana da haƙƙin karɓar takardar shaidar aiki ranar da ya bari, kuma ofishin sufeton ƙwadago yana nan idan an sami saɓani. Ka tattara takardun haihuwar yara, da takardar aure, da shaidun karatunka, da takardar fili in kana da shi, ka ajiye su wurin da ba na ikilisiya ba. Idan akwai fili ko babur da aka saya da kuɗin da ya cakuɗe, rabi naka rabi na taimako, ka warware wannan tun kana kan kujera, a rubuce, gaban shaidu.

Sai maganar sana'a. Takardar makarantar Littafi Mai Tsarki ba ta da kasuwa sosai a wajen ikilisiya, amma abin da ka koya a aikin yana da ita. Ka iya karatu da rubutu da Hausa, mai yiwuwa da Faransanci ko Turanci, ka iya riƙe littafin kuɗi, ka iya tsayawa gaban taro ka yi bayani, ka san ƙauyuka da masu garinsu. Maraɗi garin kasuwanci ne, ana bukatar mai riƙe lissafin shago, da malamin makaranta mai zaman kanta, da tafinta, da mai wayar da kan manoma. Wanda ke da niyyar fatauci zuwa Jibiya da Katsina ya tuna cewa an rufe iyakar nan a 2019, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, don haka kada ya zuba duk jarinsa a hanya ɗaya. Ka fara sana'ar tun kafin ka ajiye aiki, ko da kiwon tumaki ne ko ba wani yaro babur yana kabu-kabu, ka kuma yi ƙoƙarin tara abincin wata shida da kuɗin hayar wata uku.

Lokacin fita yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kada ka fita ana saura mako biyu Kirsimeti ko Ista, domin ka bar jama'a ba makiyayi a lokacin da suka fi bukata, kuma wannan kaɗai za su riƙa tunawa da kai. Kada kuma ka tsinci kanka ba albashi a tsakiyar damina, watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa tiyar gero ta yi tsada. Tsarin da na ga ya fi sauƙi ga kowa shi ne mutum ya girbe gonarsa a kaka, ya yi Kirsimeti da jama'a, ya sanar da dattawa a watan Janairu, ya miƙa aiki bayan Ista, sannan ya roƙi alfarmar zama a gidan fasto har yara su gama shekarar karatu a ƙarshen Yuni. Ta haka ikilisiya ta sami watanni na neman magaji, yara kuma su shiga sabuwar makaranta a Oktoba ba tare da sun rasa aji ba.

Cikin gida

Matarka ce za ta fara ji, kafin dattawa, kafin duk wani amini in ban da mutum ɗayan nan da ka buɗe wa ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka tuna cewa ita ma aiki za ta rasa, domin matar fasto uwa ce ga zumuntar mata, ita ake kai wa ƙara, ita ke gaba a wurin biki, kuma a rana ɗaya za ta koma wadda ake yi wa kallon tausayi. Mai yiwuwa ta aure ka ne saboda kiran da kuka yi imani an yi maka. Saboda haka kada ka zo mata da hujjoji kamar mai muhawara. Ka zaɓi daren da yara suka yi barci, ka faɗa mata a taƙaice, misali: "Uwargida, akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi ni kaɗai. Abin da nake wa'azinsa ya daina zama a zuciyata. Ban daina son ki ba, babu wata mace a cikin maganar nan, kuma ba zan hana ki sujada ko in hana yara bin ki ba." Wannan magana ta wata mace dole ka faɗe ta, domin ita ce za ta fara zuwa mata a rai, ita ce kuma za a fara raɗa mata a waje. Za ta yi kuka, za ta iya yin kwanaki ba ta yi maka magana ba, za ta iya cewa ku yi azumi tare. Ka bar ta ta yi juyayinta, kuma ka ba ta makonni kafin maganar ta fita, don ta shirya abin da za ta ce wa danginta.

Ku yi yarjejeniya a kan yara tun kafin wasu su yi muku. A ganina yaron da ya saba zuwa makarantar Lahadi a bar shi ya ci gaba, domin can abokansa suke, kuma cire shi farat ɗaya horo ne a kan laifin da bai yi ba. Manyan yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, daga bakin ubansu, kafin su ji ta a bakin ƴan ajinsu.

Iyaye kuwa, musamman tsohon da shi kansa ya sha tsangwama daga danginsa lokacin da ya karɓi addinin nan, sai an je takanas, a durƙusa, a yi magana da ladabi. Ba a aika musu saƙon waya. Kana iya cewa: "Baba, na zo in sanar da kai da bakina kafin ka ji a waje. Zan ajiye aikin ikilisiya, domin ba zan iya ci gaba da koya wa mutane abin da zuciyata ba ta riƙe ba. Tarbiyyar da ka ba ni ce ta hana ni cin abincin aikin da ba na yi da gaskiya." Kada ka sa ran zai fahimta a ranar. Abin da kake nema shi ne ƙofar gidan ta zauna a buɗe.

Gaban dattawa

Ka fara ganin shugaban dattawa ko babban faston gunduma shi kaɗai, sannan a kira majalisa. Ka zo da takardar murabus gajera, mai kwanan wata, wadda ta faɗi ranar da za ka miƙa aiki, ta yi godiya, ta kuma ba da dalili a jimla ɗaya. Kada ka mayar da ita wurin zayyana laifofin shugabanni ko kurakuran da ka gano a cikin koyarwa, domin takarda takan daɗe a cikin fayil fiye da fushin da ya rubuta ta, kuma ni da na riƙe irin waɗannan fayiloli na san ana sake buɗe su ranar da ɗanka ya zo neman aure. Ka riƙe kwafi wanda aka sa wa hannu.

Za su roƙe ka ka dakata, za su kawo maka nassosi, wani zai karanta maka gargaɗin da ke cikin wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa a kan masu barin bangaskiya, wani zai ce aikin Shaiɗan ne, wani zai ce an yi maka asiri. Ka saurara har su gama, ka gode musu, kada ka mayar da aya da aya, ko da ka fi su sanin littafin. Idan sun ce za su yi maka addu'a, ba abin da zai rage ka in ka sunkuyar da kai. Amma kada ka yi alkawarin sake tunani in ka riga ka gama tunanin, domin wannan jan rai ne. Wasu ikilisiyoyi za su sa ka ƙarƙashin horo, su sanar daga bagadi, su hana ka jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke ci da sha tare a sujada. Wannan tsarinsu ne, kuma kai ma ka taɓa zartar da shi a kan wasu. Abin da za ka iya roƙa shi ne a nuna maka kalmomin sanarwar kafin a karanta, a kuma faɗa a fili cewa ba a same ka da laifin kuɗi ko na mata ba, in dai haka ne, sannan a bayyana cewa horon bai shafi matarka da ƴaƴanka ba.

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, wato wurin miƙa amana, domin duk wanda ya bar aiki irin wannan abu na farko da za a ce shi ne ya ci kuɗi. Ka nemi a kafa mutum biyu ko uku su bi littafin baiko da na zakka tare da ma'aji, shafi bayan shafi, a ƙirga abin da ke akwati, a daidaita shi da abin da ke banki, a cire sunanka daga masu sa hannu. A rubuta duk kayan da ke hannunka, tun daga mabuɗai, hatimi, rajistar baftisma da ta aure, takardun filin majami'a, babur, amsa-kuwwa, injin wuta, har buhunan hatsin da ke rumbun ikilisiya, kowa ya sa hannu, ka ɗauki kwafinka. Idan akwai gibin jaka biyar da ba ka iya tuna inda ta shiga ba, ka cika daga aljihunka, ya fi maka arha a kan abin da za a faɗa. Idan akwai masu aiko maka da taimako daga Najeriya ko Turai ko Amurka saboda aikin bishara, ka rubuta musu da kanka cewa ka ajiye aikin, ka daina karɓa daga ranar. Cin kuɗin bishara bayan an bar bishara sata ce, ko da ba wanda ya sani.

Akwai amanar da ba ta shiga takarda, ita ce asirin mutane. Matar da ta gaya maka abin da mijinta bai sani ba, da saurayin da ya furta maka laifinsa, sun faɗa ne saboda kujerar da kake kai. Barin kujerar bai kwance maka baki ba. Duk yadda aka ɓata maka suna, kada ka rama da asirin kowa.

Ga ƴan Katolika tsarin ya ɗan bambanta. Maraɗi ta zama dayosis mai zaman kanta a 2001, don haka fada, wato limamin cocin Katolika, da ke son barin aiki wurin bishop zai fara zuwa, kuma kwance masa alkawarin rashin aure ba ya yiwuwa sai da izinin Fafaroma, abin da kan ɗauki lokaci. Sunan wanda aka yi wa baftisma kuma ba a goge shi daga rajista, tun da rajistar shaidar abin da ya faru ce.

Abin da gari zai ɗauka

A Maraɗi, da zarar an ji fasto ya bar coci, abu ɗaya mutane za su fahimta, wato ya musulunta ko yana kan hanya. Tunaninmu bai tanadi wurin zama ga mutumin da ya bar wannan bai shiga wancan ba. Maƙwabta za su zo da fara'a, wani zai kawo maka riga da hula, wani zai ce akwai alhajin da ke son ganin ka, wani malami zai so ka tsaya a wurin wa'azi ka ba da labarin yadda ka gano gaskiya. Yawancinsu da kyakkyawar niyya suke yi, kuma ya kamata a karɓe su da mutunci. Idan zuciyarka ta karkata ga Musulunci da gaske, wannan shawara ce ta dabam wadda ta cancanci nata lokacin da nata karatun, kuma zai fi maka daraja ka yi ta bayan ka gama miƙa amana, ba tare da kyautar kowa a hannunka ba. Idan kuwa ba ta karkata ba, kada ka furta kalmar shahada don neman jari ko don a bar ka ka huta, domin ka bar wuri ɗaya saboda ƙin faɗar abin da ba ka gaskata ba, kuma fita daga na biyun ta fi ta farkon wuya nesa ba kusa ba. Amsa gajera ta isa: "Na gode, Malam. Na ajiye aiki ne, ina hutawa tukuna."

Ko ina ka nufa, kada ka yarda a mayar da kai ganima. Mutanen da ka bari tsiraru ne, kuma suna da abin tunawa. A watan Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, a watan Yunin 2019 kuma an cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya a nan Maraɗi. Tsohon fasto da ya hau mumbari ko ya shiga rediyo yana tona abin da ake yi a cikin coci, yana ambaton sunayen waɗanda suka karɓi baftisma a ɓoye, yana iya jawo wa mutane abin da ba zai iya tsayarwa ba. Haka nan wanda ya daina gaskata kowane addini ya san cewa dokar Nijar ba ta hukunta mutum don ya bar addininsa, amma doka ba ta kwana a ƙofar gidan kowa. Maganar da za a ɗauka ɓatanci ce ga addini, kowane addini, tana iya tayar da unguwa kafin jami'an tsaro su iso. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗauka a murya aka tura ta WhatsApp, ko aka rubuta a Facebook da tsakar dare. Ka fita daga zaurukan ma'aikatan ikilisiya da sallama ta jimla biyu, ka kuma yi aƙalla shekara guda ba ka rubuta komai game da addini a intanet ba.

Mace da ta sami kanta a wannan hali, ko shugabar zumunta ce ko matar fasto, kayanta ya fi nauyi, domin gidan da take ciki da yaran da ta haifa duk ana iya yin barazana da su. Ki fara da sauka daga muƙami kawai, wanda ba ya bukatar dogon bayani, ki riƙe adashinki da ƴar sana'arki da takardunki a hannunki, ki kuma san ko aurenku an ɗaura shi a ma'aikatar magajin gari ko a majami'a kaɗai, domin wannan yana da tasiri a kan dokar da kotu za ta bi idan maganar rabuwa ko riƙon yara ta taso. Ki sami wani babba a danginku wanda zai tsaya miki kafin ki faɗi sauran.

Bayan an fita

Lahadin farko tana da wuya, har ga wanda ya tabbata da shawararsa. Jiki ya saba tashi da wuri, kunne ya saba da gangar zumuntar mata, sai ga mutum zaune a tsakar gida shi kaɗai iyali sun tafi. Za ka iya tarar da kanka kana rera waƙar sujada kana gyaran babur, ko ka fara addu'a kafin cin abinci ba ka sani ba. Wannan sabo ne na shekaru, kada ya tsorata ka, kada kuma ka yi gaggawar fassara shi. Ka samo wa safiyar aiki, ko gona ko kasuwa, in ya so ka kai iyali bakin majami'a ka dawo ka ɗauke su.

Wasu abokai za su daina zuwa, wasu za su riƙa zuwa da nufin dawo da kai. Zumunta a ƙafa take, don haka kai ka ci gaba da zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa da ɗaurin aure, ka zauna a bencin baya, ka ba da gudummawarka kamar kowa. Kada ka yi wa magajinka katsalandan, kuma idan tsofaffin membobi suka kawo maka ƙararsa ka mayar da su wurinsa. Idan wata rana bangaskiyar ta dawo, wanda ya miƙa mabuɗai da lissafi cikakke zai iya shiga ya zauna ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Saura magana ɗaya da mutane ke gudu, ita ce ta jana'iza. A garin nan ana binne mutum cikin sa'o'i kaɗan, kuma Musulmi da Kirista kowa da maƙabartarsa da masu yi masa sutura. Wanda ya rasu ba a san matsayinsa ba yakan bar iyalinsa cikin gardama a ranar da ba su da ƙarfin yin ta, wani lokaci dangin uba na ja dangin mata na ja. Tun kana da lafiya ka zauna da matarka da babban ɗanka da wani ɗan'uwa da ake jin maganarsa, ka faɗi inda kake so a sa ka, ka tambayi dattawan ikilisiya ko za su yarda su binne ka a wurinsu idan iyalinka suka roƙa, ka ji amsarsu da kunnenka. Abin da aka amince a kai a rubuta shi, tare da yadda kake so a raba gida da gona, a sa hannu gaban shaidu biyu, kwafi ɗaya wurin matarka, ɗaya wurin ɗan'uwan.